Kirista da Abin Kallo: A Tankaɗe Kafin a Tuƙa

(Jawabin da ɗan'uwanmu, tsohon sakataren ƙungiyar ɗalibai Kirista ta makarantarmu, ɗan ajin 1993, ya gabatar a wajen taronmu na shekara-shekara a Jega.)

  Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikin wannan shekara, Allah ya ba iyalansu haƙuri.

Ranar da takardar kwamiti ta iso mini cewa in yi magana a kan yadda Kirista ya kamata ya zaɓi abin da yake kallo da abin da yake saurare, sai da na yi dariya. Dalili kuwa, akwai mutane zaune a nan da suka san wanda ke shiga gaba idan za a tsallake shinge da dare a tafi gidan bidiyo na bakin tasha kallon fim ɗin Indiya. Na kuma san yawancin waɗanda ke cikin wannan zaure Musulmi ne. Ku yi mini uzuri, zan yi magana ne daga Littafin da na sani. Amma ciwon na kowa ne, don waya iri ɗaya ce a hannun 'ya'yanmu.

Bari mu tuna baya kaɗan. Na zo makaranta daga ƙasar Zuru a shekarar 1987, da akwatin ƙarfe da tabarma. A gidanmu akwatin rediyo ɗaya ne, kuma hannun mahaifina kaɗai ke taɓa shi. Da safe ya kama BBC, wadda ta soma watsa shirin Hausa tun 1957, da rana Rediyon Kaduna, da yamma kuma ya lalubo ELWA, tashar bishara da ke Monrobiya ta ƙasar Laberiya, mu ji wa'azi da waƙoƙi da Hausa. A 1990 yaƙin basasar Laberiya ya rufe bakin tashar, tsohon ya yi ta murɗa rediyo bai same ta ba. A wannan akwatin ne kuma muka ji sanarwar ƙirƙiro Jihar Kebbi ran 27 ga Agusta, 1991.

A makaranta kuwa talbijin ɗaya gare mu, ba ya ko aiki sai an ta da janareta. Idan an samu Samanja, ranar sallarmu ce. A lokacin ne finafinan bidiyo na gida suka fara fitowa: Turmin Danya a Kano a 1990, Living in Bondage a Legas a 1992. Abin da nake so mu lura da shi shi ne, a wancan zamani ba mu ke zaɓe ba. Uba ya zaɓa mana, firinsifal ya zaɓa mana, rashin wuta da tsadar batir su ma suka zaɓa mana. Da yawanmu muna taƙamar cewa mun tashi da tarbiyya, alhali kuwa ba mu samu abin lalacewar ba ne kawai.

Amma akwai malami ɗaya da bai tsaya ga zaɓa mana ba, yana kuwa zaune a nan gaba, ba zan kama sunansa ba don na san ba ya son yabo. Duk kaset ɗin da za a nuna mana daren Asabar, sai ya kalle shi tukuna shi kaɗai. Ran Litinin kuma idan ya shigo aji sai ya tambaye mu: "Wa ya shirya wannan labari? Me yake so ku yarda da shi? Wa aka mayar abin dariya a ciki?" A lokacin haushinsa muke ji, muna cewa yana ɓata mana daɗin kallo. Malam, yau na zo in ce mun gode. Ba Kirista ba ne, amma shi ya fara koya mini abin da daga baya na tarar a Littafi Mai Tsarki.

Yanzu fa? Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. Yau yaron da ke tallan albasa a bakin titin Aliero yana da abin kallo a aljihunsa wanda ya fi na dukan gidajen bidiyon Jega na zamaninmu yawa. Jami'a ta zo Aliero tun 2006, samari da 'yan mata daga ko'ina, kowa da wayarsa. Babu shingen da za a tsallake, babu maigadi, babu malamin da zai riga ka kallo. Zaɓe ya dawo hannun mai kallo. Wanda bai iya tankaɗe ba kuwa, da tsakuwa zai ci tuwonsa.

Kada ku ɗauka ina magana ne a matsayin wanda ya tsira. Ga abin da ya same ni. A watan Mayu na 2022, lokacin da aka kashe wata ɗaliba Kirista a Sakkwato, gari ya rikice har gwamnati ta kafa dokar hana fita ta awa 24, zuciyata ta yi zafi ƙwarai, kamar ta kowane uba mai 'ya a makaranta. Cikin daren nan wani ya turo mini bidiyo: gini yana cin wuta, mutane na kururuwa, an rubuta a ƙasa cewa majami'a ce ake ƙonawa a jiharmu yanzu-yanzu. Ban tambayi kowa ba. Na tura shi zauren WhatsApp na ajinmu, na ƙara da maganganun da har yau nake jin kunyarsu.

Da asuba waya ta yi ƙara. Abokina ne na Maiyama, wanda muka yi shekara shida gadonsa na sama nawa na ƙasa, muka sha gari da ƙuli-ƙuli a kwano ɗaya. Ya ce, "Ɗan Zuru, ka kwana lafiya?" Na ce, "Alhaji, ina fa lafiya." Ya ce, "Abin da ya faru a Sakkwato ya ƙona mini rai kamar yadda ya ƙona maka. Amma garin nan da aka ambata a bidiyonka, ƙanena yana can, na kira shi, ko kaza ba a taɓa ba. Ka sake kallo, ka dubi lambar motocin da ke ciki." Na duba. Ko lambar Nijeriya ba ce. Sai ya ce mini su a Alƙur'ani, cikin Suratul Hujurat, an umurce su da bin diddigin labari kafin su yi aiki da shi, don kada su cuci waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Ya ce, "Ku fa, ba ku da irin wannan?" Na yi shiru, don muna da shi. Yana cikin Dokoki Goma, a Fitowa sura 20: an hana shaidar zur a kan maƙwabci. Ni da nake koyar da wannan a makarantar Lahadi, ni na karya shi da ɗan yatsa ɗaya. Na goge, na ba da haƙuri, amma kafin nan mutum nawa suka tura gaba? Allah kaɗai ya sani. Yau a gaban jama'a ina sake neman gafararku.

Iyayenmu sun ce gani ya kori ji. A zamanin nan sai an yi hattara da wannan karin magana, don ana ɗauko tsohon hoto a sa masa sabon suna, ana ma iya sa wa mutum maganar da bai taɓa faɗa ba da muryarsa. Tun daga ranar nan na ɗora wa kaina tambayoyi uku, su ne kuma guzurin da na kawo muku.

Ta ɗaya: gaskiya ne? Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Tasalonikawa sura 5, bai ce wa masu bi su toshe kunnuwansu ba, bai kuma ce su haɗiye duk abin da aka ba su ba. Cewa ya yi a auna, sa'an nan a ɗauki na kirki. Mutanen Biriya ma, a Ayyukan Manzanni sura 17, an yabe su ne don ko wa'azin Bulus kansa sai da suka riƙa gwada shi da Nassi kowace rana. To, idan an binciki Bulus, wane ne mai turo saƙo a waya da ba za a bincike shi ba? Ka tambayi inda abin ya fito, da ranar da ya faru, da wanda ya gani da idonsa. In ba ka samu amsa ba, ya mutu a hannunka.

Ta biyu: me ya bari a zuciyata bayan na gama? Akwai kallon da za ka tashi daga gare shi ka ji matarka ta yi maka tsufa, gidanka ya yi maka ƙanƙanta, maƙwabcinka ya zame maka abin tsoro. Babu tsiraici ko ɗaya a cikinsa, amma ya shuka raini da haɗama da ƙiyayya. Mu Kirista mun saba auna fim da tufafin 'yan wasa kawai. Wannan ma'auni ne, amma bai isa ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, abin da kake kallo kullum kuwa abokin zamanka ne.

Ta uku: wa ke mulkin wani, ni ko shi? Bulus ya nuna wa Korintiyawa cewa abu yana iya zama halal amma ba shi da amfani, ya kuma ce shi ba zai yarda wani abu ya bautar da shi ba. Ƙwallo ba zunubi ba ce, ni ma ina kallo. Amma idan wasan Ingila ya hana ka sujada, ya ture addu'ar iyali, ko ya kai ka ga cacar ƙwallo da kuɗin makarantar yara, ai ka san wanda ke riƙe da linzami. Gwajin mai sauƙi ne: ajiye wayar daga faɗuwar rana zuwa wayewar gari. In ka kasa, ka samu amsa.

Yanzu ga wata magana ta musamman ga 'yan'uwana Kirista, ku yi haƙuri da ni. Ba duk abin da aka liƙa wa sunan Yesu ne ya tsallake tankaɗe ba. Akwai finafinan da ake kira na bishara waɗanda ba abin da suke koya wa yaro sai cewa kakarsa ta ƙauye mayya ce. Akwai masu wa'azin talbijin da ba su gama addu'a sai sun karanto lambar asusun banki. Abin ya kai har a 2004 hukumar kula da gidajen rediyo da talbijin ta ƙasa ta hana nuna mu'ujizan da ba a tabbatar da su ba. Haka kuma ba duk abin da wanda ba Kirista ba ya shirya ne abin gudu ba. Bulus da kansa, da yake wa'azi a Atina, ya kafa hujja da maganar mawaƙan Helenawa, ka ga ke nan ya san abin da suka rubuta. Ni da iyalina mun zauna mun kalli Daɗin Kowa a tashar Arewa24, inda aka nuna Musulmi da Kirista suna zaune gari ɗaya da daɗi da wuya, muka kuwa ƙaru. A abin da Nassi bai yanke hukunci ba kuma, Romawa sura 14 ta hana mu yi wa juna shari'a. Wani ya fitar da talbijin daga gidansa, wani ya bar nasa. Kada wannan ya raina wancan.

Sauran magana a kan 'ya'yanmu. Mutanen Aliero da ke nan sun fi ni sanin cewa ba a zuba albasa a rudu sai an bi ta ɗaya bayan ɗaya an fid da mai rauni, kuma ba a yi sau ɗaya a tafi, sai an riƙa dawowa ana dubawa. Manomin da ya ce yana tsoron ruɓa don haka ba zai ajiye albasa ba, ba zai ga ribar bazara ba. Haka gida yake. Ƙwace waya kaɗai ba ya magani, yaron zai kalla a wayar abokinsa, kamar yadda muka tsallake shinge. Abin da Malam ya yi mana shi za mu yi musu: mu zauna mu kalla tare, mu yi tambaya, mu saurari amsa. Kuma kafin mu ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, mu dubi ruwan. Yaron da ya ga ubansa da waya a hannu har a kan tabarmar cin abinci, da wane baki za a yi masa faɗa?

Ina roƙon wannan ƙungiya abu biyu. Na farko, mu amince yau cewa a zaurukanmu na WhatsApp ba wanda zai tura labarin tashin hankali sai ya faɗi inda ya samo shi, wanda aka gyara wa kuskure kuma kada ya yi fushi. Na biyu, cikinmu akwai malamai da 'yan jarida da limamai da fastoci. Mu nemi izinin hukumar makaranta, sau ɗaya a kowane zango mutum biyu, Musulmi da Kirista, su je su zauna da ƙannenmu su koya musu tambayoyin nan. Alhaji na Maiyama ya riga ya ce in na shirya ya shirya, shi zai kawo mota, ni in sa mai.

Shugaba, na ga kana duban agogo, ƙamshin abinci kuma ya iso.  Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya shirya mana zuriya, ya zaunar da jiharmu lafiya, ya kai kowa gidansa lafiya. Amin.