Ci-rani a Ƙasar Adar: Riba da Hasara



Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Madawa da Buza da Keita bayan girbi zai tarar da tashar mota cike maƙil, gidaje kuwa sai mata da tsofaffi da yara. Samari sun kama hanyar Yamai da Kano da Legas da Abijan. Dalili a fili yake: tudun Adar dutse ne, damina gajeruwa, geron rumbu kuwa sau da yawa ba ya kai manomi wata shuka. Farin 1973 da na 1984 suka ƙara mayar da ci-rani gado.

Ribarsa ba ta ɓoyu ba. Tafiyar saurayi ɗaya ta rage baki a kan rumbu. Kuɗin dako da gadi da tallar shayi su ke sayen hatsi da bazara, su biya lanho da sadaki, su rufa ɗaki da kwano. Attajirai da dama da ake ji da su a kasuwa da ɗan tebur suka soma a birnin wasu.

Amma abincin da ke hannun wata ƙasa ba shi da tabbas. A 1983 Najeriya ta kori baƙi marasa takardu. Rikicin Kodibuwa na 2002 da yaƙin Libiya na 2011 sun koro Adarawa gida, da yawansu hannu banza, suka tarar da iyalan da su kansu aike suke jira.

Hasara ta biyu ta faɗa wa mata. Lokacin da aka buɗe aikin raya karkara na Keita a 1984, da kuɗin Italiya da taimakon hukumar FAO, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da tare zaizaya da dasa itatuwa, ana biyan su da abinci, saboda maza suna ci-rani. Ƙasar da aka ɗauka ta mutu ta sake ba da amfani a hannun waɗanda aka bari gida.

Darasin yana kwarin Tarka, inda noman albasa ke ba manomin Madawa aikin rani a bakin rijiyarsa. Wa'azi bai taɓa tsayar da mai yunwa ba, amma aiki yana tsayar da shi. Saboda haka nauyi yana wuyan ɓangarori biyu. 'Yan kasuwa su sayi albasa da farashin adalci, su daina cin manomi da bashi tun shuka tana gona. Ma'aikata kuma su sauƙaƙa takardun tafiya, su kula da rijiyoyi da hanyoyin karkara, domin kuɗin ci-rani su zama jari kafin su ƙare a tukunya.

Masu magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya sa gida ya iya riƙe 'ya'yansa.