Gonar Rozmeri da Kishiyarta ta Kan Dutse

Tsiron da aka ɗora mini yin magana a kansa baƙo ne a ƙasarmu, ko da yake ganyensa ya fara shiga kicin ɗin manyan otal-otal da shagunan kayan ƙamshi, masu sayar da magungunan Musulunci kuma sun san shi da iklilul jabal. Rozmeri ɗan gaɓar Bahar Rum ne, ƙaramin itace mai siraran ganye masu tsini, kore shar ta sama, fari-fari ta ƙasa, wanda ba ya kaɗe ganye rani da damina. Abin da nake son kafawa a gabanku guda ne. Duk wanda ya ƙudiri noma shi da dabarun zamani, ya cika hekta da dubban tushe, ya ja bututun ruwa, ya ɗauki leburori, to ya sani da dutsen da ba wanda ya nome yake gasa. Ba zai ci wannan gasa da yawan ganye ba. Abin da zai iya sayarwa, wanda dutsen ba shi da shi, shi ne tabbacin abin da ke cikin ganyen.

Mu fara da kishiyar. Ƙasashen da suka fi fitar da man rozmeri a duniya su ne Tunisiya da Maroko da Sifaniya, kuma a biyun farko mafi yawansa ba daga gona yake fitowa ba. A gabashin Maroko, wajen Jerada da Taurirt da Talsint, tsiron ya rufe tuddai ne da ikon Allah, hukumar gandun daji kuma ita ke ba ƙungiyoyin mazauna yankin da 'yan kwangila izinin yanka. Mutum ya fita da laujensa, ya yanko rassa, ya baza su sha iska, in sun bushe a buge su da sanda ganyen ya zube, a ɗura a buhu. Mai son mai kuma ya kafa babbar tukunyar ƙarfe a nan cikin daji, ya danƙara ganye, tururi ya ratsa shi ya kwaso man, ya bi ta bututun da aka nutsar cikin ruwan sanyi, sai ka ga man yana taruwa a saman ruwa ana kwalfewa. Ganyen da aka gama tatsa shi ake shanyawa a mayar makamashin girki na gaba. Ku duba lissafin wannan mutum. Bai sayi iri ba, bai yi huɗa ba, bai biya taki ko man injin ban-ruwa ba, ko itacen wuta bai saya ba. Manomin da ya kashe kuɗi a kan duk waɗannan, sannan ya kai busasshen ganye kasuwa ɗaya da shi ana auna musu kilo da kilo, ya faɗi tun bai ɗaure buhu ba.

To ina ribar gona take? Tana wurin masu saye da ba nauyin buhu kaɗai suke dubawa ba, kuma iri uku ne. Akwai mai sayen ɗanyen reshe don girki, wanda manyan kantunan Turai ke jerawa cikin ƙananan robobi. Shi yana son reshe miƙaƙƙe, mai taushi, tsawonsa ɗaya da na ɗan'uwansa, a kowane mako na shekara, kuma gonakin Kenya da Habasha da Isra'ila sun daɗe suna ɗora masa shi a jirgin sama. Akwai mai sayen mai, wanda ba zai biya ba sai ya kai samfur ɗakin gwaji. Ma'aunin da masu harhaɗa magunguna na Turai ke bi ya raba man gida biyu: na Maroko da Tunisiya, wanda sinadarin siniyol ke kai kashi 38 zuwa 55 cikin ɗari a cikinsa, da na Sifaniya, wanda siniyol ɗinsa ba ya wuce kashi 25 amma ya fi kafur. Na tsibirin Korsika kuma da wani sinadarin dabam, babinon, ya yi suna. Mai saye na ukun shi ya sauya fuskar kasuwar. A 2010 Tarayyar Turai ta amince da tataccen rozmeri a matsayin abin da ake sa wa abinci don hana mai da nama yin ɗoyi, ta ba shi lamba E392. Abin da ke yin wannan aiki sinadari ne mai suna kanosik asid da ɗan'uwansa kanosol, kamfanonin abinci kuma sun rungume shi don masu saye sun fara ƙyamar sinadaran BHA da BHT na masana'anta. Shi wannan mai saye ƙamshin ma cire shi yake yi. Yawan kanosik asid ɗin da ke cikin kowane kilo yake biya.

Wanda ya fahimci wannan ya fahimci dalilin kowace dabara ta noman. Ba a kafa gonar kasuwa da ƙwayar iri, domin tsirowarta ba ta da yawa, tana da nawa, kuma 'ya'yan ba sa kama da juna: wannan ya fito da kafur, wancan da siniyol. Reshe ake dasawa, kamar yadda muke yi da rogo. A zaɓi uwa guda da gwaji ya tabbatar da sinadarinta, a yanko kan reshe mai tsawon santimita 10 zuwa 15, wanda bai yi ɗanye sharaf ba bai kuma zama itace ba, a tsige ganyen rabinsa na ƙasa, a soka cikin yashi mai danshi a inuwa. Cikin makonni kaɗan zai yi saiwa. In aka bar mita 1 tsakanin kunya da kunya, rabin mita tsakanin tushe da tushe, hekta za ta ɗauki tushe 20,000, kowanne jinin uwa ɗaya. Kamfanin Kemin na jihar Iowa a Amurka a kan haka ya gina kasuwancinsa na rozmeri: ya tace nau'o'i masu yawan kanosik asid, ya ba manoma a Texas da New Mexico suna noma masa. Wajen girbi ma da ƙa'ida. Saman reshe ake aske wa, ba a gangarawa cikin tsohon itace, don rozmeri ba kasafai yake toho daga nan ba, kuma mai haɗamar da ya yi masa ƙwal-kwabo a yankan farko zai tarar da gona cike da busassun kututture. Shanya kuwa a inuwa ake yi, da zafin da bai wuce digiri 40 ba, in ba haka ba man ya bi iska, ganyen ya yi baƙi. Man da ke cikin busasshen ganye bai fi kashi 1 zuwa 2.5 cikin ɗari ba, wato tan guda ya ba da kilo 10 zuwa 25. Abin da bai fi haka yawa ba ai ba a wasa da shi a rana.

Na san wani zai ce, tsiron da ke rayuwa kan tsakuwa ba mai ba shi ruwa, me zai sa a kashe kuɗin ban-ruwa na ɗigo a kansa? Tambayar tana da ƙarfi, kuma rabinta gaskiya ne. Rozmerin dutse yana rayuwa, amma in rani ya tsananta tsayawa yake yi cak, shi ya sa yankan daji ke da lokacinsa, ake kuma barin wuri ya huta. Mai kwangilar kai kaya kowane mako ba shi da wannan sukuni. Sai dai kuskuren da ya fi kashe gonaki yana ta ɗaya ɓangaren ne. Manomin da ya saba da tumatir da masara, in ya ji an ce noman zamani, tunaninsa ya tafi ga ƙarin ruwa da ƙarin yuriya. Rozmeri zai amsa masa da rassa lafce-lafce, gwanin kyau a ido, amma masu ƙarancin mai, masu jawo ƙwari da farar fumfuna, saiwar kuma in ta kwana cikin ruwa sai cutar ruɓewa ta kama ta, ka ga tushe ya yi ja ya bushe a tsakiyar gona mai laima. Amfanin bututun ɗigo a nan shi ne yana ba manomi ikon hana ruwa daidai gwargwado kamar yadda yake ba shi ikon bayarwa, ba ya kuma jiƙa ganye. Doguwar kunya da ƙasa mai tsakuwa ko jigawa su ne sauran maganin. Fadama mai laka, wadda muke ɗauka ita ce sarauniyar ƙasa, kabari ce ga wannan tsiro.

Suka ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ba zan ce ina da cikakkiyar amsarta ba don kuwa babu. Gonar da tushe 20,000 duk jini ɗaya ne, cutar da ta iya da ɗaya ta iya da duka, kuma reshen dashe yana tafiya da cutar uwarsa duk inda aka kai shi. Manoman citta na kudancin Kaduna sun ga irin wannan a 2023, lokacin da annoba ta share gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko. A Turai kuma rozmeri na cikin tsirran da ke ɗaukar ƙwayar cutar Xylella, wadda aka gano a gonakin zaitun na Puglia a kudancin Italiya a 2013, abin da ya sa aka tsaurara dokar safarar dashensa. Daidaiton da mai saye ke biya shi ne kuma raunin gonar. Ana rage haɗarin ne kawai: a keɓe iyayen dashe nesa da babbar gona, a riƙa wanke almakashi, a noma nau'i biyu ko uku a filaye dabam maimakon ɗaya, a tuge duk tushen da ya nuna alama a ƙone. Wannan duk kuɗi ne, kuma dole ya shiga lissafi tun farko.

Akwai kuma masu cewa, tunda dutse na bayarwa da araha, noman ma ɓata lokaci ne, ko kuma ƙwace abincin talakan da ke yanka ne. A ganina akasin haka ne ya fi kusa da gaskiya. Dutsen ba ya ƙaruwa, buƙata kuwa tana ƙaruwa, kuma wanda ake biya da nauyi yana da dalilin yanka har ƙasa, wani lokaci ya tuge da saiwa. Ga fari. Maroko ta yi shekaru a jere tana fama da shi, har a 2025 Sarki Muhammad na Shida ya roƙi jama'arsa su haƙura da layya saboda dabbobi sun ragu. Farin da ya rage tumaki bai ƙyale tuddan rozmeri ba. Kamfanin da ya yi wa masu sarrafa nama alkawarin kaya shekara da shekara ba zai jingina da ruwan sama na Jerada kaɗai ba, kuma wannan rashin tabbas ɗin shi ne ƙofar da gona ke shiga.

Saura tambayar da na san ita ta kawo da yawanku, ko zai yi a nan. A gaɓar Bahar Rum ruwa da sanyi yake zuwa, zafi kuma ya zo a bushe. Mu namu ruwan da zafi suke zuwa tare, haɗin da saiwar rozmeri ta fi tsana, don haka watan Agusta ne zai gwada gonar, ba watan Maris ba. Tudun Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, yana da sanyin da ake so, amma damunarsa mai nauyi ce, sai da kunya mai tsayi da magudana. Mai hangen Turai kuma ya tuna da wakenmu, wanda Tarayyar Turai ta rufe wa ƙofa a 2015 saboda ragowar maganin ƙwari na dichlorvos. Ganyen da ake ci ɗanye binciken da ake yi masa ya fi na wake tsanani, ga takardar shaidar GlobalG.A.P., ga motar sanyi daga gona zuwa filin jirgi. Shawarata ga mai farawa ita ce ya soma da ɗan fili da kasuwar ɗanyen ganye ta Abuja da Legas da Kano, inda ɗan dutsen Maroko ba ya iya binsa. In ya ga nau'in da ya tsallake damina biyu lafiya, ya tatsi man, ya aika samfur ɗakin gwaji a faɗa masa siniyol nawa, kafur nawa, kanosik asid nawa ne a ganyen. Da wannan takardar zai nemi mai saye, da kwangilar mai sayen kuma zai yanke hekta nawa zai dasa.