Tarin Fuka Mai Bijire Wa Magani: Nauyin Da Ya Rataya A Wuyanmu

 

Mu mutanen Yargalma ba baƙin ƙurar ma'adinai ba ne. A shekarar 2010 gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, garinmu yana cikinsu. To, ƙurar dutsen da matasanmu ke niƙawa wajen neman zinariya tana da wata illa kuma: tana raunana huhu, ta buɗe wa tarin fuka ƙofa.

Wannan cuta ba a huhu kaɗai take zama ba. Takan kama kaluluwar wuya, ko ciki, ko ƙashin baya har mutum ya yi doro. Irin wannan ba lalle ya zo da tari ba, shi ya sa mukan ce sammu ne, mu ɓata watanni muna jiƙe-jiƙe.

Maganinta galibi wata 6 ne, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Amma majinyaci kan ji sauƙi bayan 'yan makonni, damina ta faɗi, ya ajiye magani ya ɗauki fartanya. Ƙwayoyin cutar da suka tsira sai su kangare, har manyan magunguna biyu, isoniazid da rifampicin, su daina cin su. Duk wanda ya shaƙi wannan kangararren tari, ko jariri ne, irinsa zai ɗauka.

A da, jinyar irin wannan takan kai shekara 2, tare da allurai masu kurmantar da wasu. Alhamdu lillahi, a shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da magani na wata 6, na haɗiya zalla. Na'urar GeneXpert kuma tana gano bijirewar daga majinar ƙirji cikin kimanin awa 2.

Saboda haka, 'ya'yanmu na birni, roƙonmu uku ne. Ɗan'uwan da ya yi mako 2 yana tari, ko yake ramewa da zufar dare, mu kai shi gwaji. Kada mu aika masa da ƙwayoyi tsinta-tsinta daga kemis. In an ɗora shi a kan magani, mu ɗauki kuɗin motarsa da na abincinsa, mu riƙa buga masa waya har ranar da likita ya sallame shi. Mu da muka riƙe makaranta mun sani, ba shiga aji ke ba yaro takarda ba, kammalawa ce.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum.