Waya, Direba da Mai Mota: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Ƙungiya

 

An umarce mu da mu ɗan yi bayani a kan waɗannan manhajoji na waya da ake bibiyar mota da su. To, jama'a, kowa ya san tafiya ce ta tara mu a garin nan. Tun da layin dogo ya haɗu a Kafancan a 1927 iyayenmu suke dakon kaya. Yau mota ce ke ɗebo mana citta daga Kwoi da Kachia da Kubacha zuwa Dawanau a Kano, kuma da ta bar tasha mai kaya ba ya barci sai an ce ta sauka.

Abu biyu ne wayar take yi. Na farko GPS, watau taurarin ɗan'adam na sojan Amurka, waɗanda aka sakar wa jama'a cikakken amfaninsu a shekarar 2000. Waya na jin saƙonsu ta gane inda take ko babu sabis. Amma kafin ta gaya wa mai gida a Kafancan, sai da sabis. Waɗanda suka yi safara a 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a wasu sassan jihar nan, sun ga wannan da idonsu. Saboda haka idan alamar mota ta tsaya cak tsakanin Kachia da Kujama, kada a fara zargi. A kira tukuna. Kuma direba ya sauke taswirar hanya ta Google Maps a wayarsa tun yana gari.

Na biyu shi ne na inji. Ƙarƙashin sitiyari akwai wani soket mai rami 16, ana ce masa OBD. Amurka ta wajabta shi a ƙananan motoci tun 1996, Turai kuma a 2001 ga na fetur, saboda haka yawancin 'yan Baljiyam ɗinmu suna da shi. Ana cusa masa wata 'yar na'ura kamar gidan ashana, ta haɗu da waya ta Bluetooth, sai manhaja irin su Torque ta nuna zafin inji, ƙarfin batir, gudun da ake yi, da dalilin da ya sa fitilar inji ta kama. Mai Sharon ko Golf da ke hawan dutsen hanyar Jos, in ya ga zafi ya haura 100 yana ta ƙaruwa, sai ya faka ya duba lagireto kafin inji ya buga. Wurin bakanike kuma ba za a sa ka sayi abu uku don gano guda ɗaya ba. Masu tsofaffin 911 kuwa kada ku ɓata kuɗinku, motarku ba ta da kwamfuta, sai dai tiraka.

To, ga inda muke roƙon a saurare mu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ga kuma cutar da ta cinye citta a daminar shekarar, rigima tsakanin mai mota da direba a kan kuɗin mai ta yawaita. Wasunmu sun koma dasa tiraka a ɓoye. Mu dai ba mu ga alheri a nan ba. Shari'a ta hana bin diddigin Musulmi a asirce, kuma direban da ya gano an yi masa haka, ya tafi ke nan. Lissafin mai da wayar ke bayarwa ma kintace ne, bai isa a tsayar da mutum gaban dattawa a kansa ba. A zauna da direba a nuna masa, shi ma a saka a wayarsa. Ai ransa ne a kan hanya, ranar da aka tare shi a daji ita ce za ta nuna inda aka tsaya.

Sannan don Allah a daina jefa wurin da mota take a zaurukan WhatsApp masu mutum ɗari biyu. Ba ka san kowa a ciki ba. Mai mota, mai kaya, da mutum ɗaya a gidan direba, sun isa.

Shawararmu ga shugabanni: ƙungiya ta sayi na'urar nan kamar guda uku, a ajiye wurin sakatare, a zaɓi samarinmu biyu su koya, duk mai tafiya mai nisa a duba masa mota kafin lodi. Mun zo da guda, bayan sallar La'asar za a gwada ta a motar duk wanda yake so.