Aikin Lauya: Haɗarin Wurin Aiki da Shari'ar Iyali

Malamaina, iyayena, ƴan uwa matasa maza da mata, an ce in yi magana kan aikin lauya, wanda wasunmu ke kira aboka.

Mu fara da ma'aikaci. Matashi yana aikin gini ya faɗo daga bene, ko injin niƙa ya cinye masa yatsu. Me aka saba yi? Ubangidansa ya biya kuɗin magani, ya ɗora masa jika 20, a ce ƙaddara ce, a shafa fatiha. Ƙaddara ce, ba musu, amma hakkinsa bai faɗi ba. Doka ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya yi masa rajista a asusun CNSS, in haɗari ya auku kuma ya sanar cikin awa 48. Asusun ne ke biyan magani da kuɗin kwanakin jinya, in naƙasa ta dawwama a yanka wa mutum abin da zai riƙa karɓa. In ubangida ya ƙi, akwai sufeton aiki da ke neman sulhu. Sulhu ya gagara, sai kotun ma'aikata, inda lauya zai tsaya maka.

To amma, ƴan uwa, da me zai tsaya? Tambayarsa ta farko ita ce: ina takardar likita, ina takardar albashi, wa ya ga abin da idonsa? Lauya ba boka ba ne. In ka zo hannu rabbana bayan shekara uku, shaidu sun watse, ƙwarewarsa ba za ta yi maka komai ba.

Haka abin yake a gida. In ma'aikacin nan ya rasu, matarsa da marayunsa suna da rabo a asusun, sai dai za a nemi takardar aure da ta haihuwar yara. Mu nawa ne nan aka ɗaura mana aure a ƙofar gida, aka raba goro, ba a je ofishin magajin gari an rubuta ba? Ba sai kun ɗaga hannu ba.

Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda. A maganar aure, saki, riƙon yara da gado, alƙali yana bin al'adar masu shari'a, tare da mataimaka masana al'ada, kuma a wurinmu al'adar ta ginu kan fiƙihun Malikiyya. Don haka matar da ta kai ƙarar ciyar da ƴaƴanta ba ta bar addini ba. Wanda ya sa lauya ya murɗe gaskiya don ya cinye gonar marayu, shi ne ke da abin tsoro, ko kotu ta ba shi.

Saura maganar kuɗi. Yawancin lauyoyi suna Yamai, ɗaukarsu daga Maraɗi, Damagaram ko Tawa akwai tsada. Tun 2011 aka kafa hukumar ANAJJ don taimakon marasa ƙarfi a shari'a. Ku je babbar kotun garinku ku tambayi ofishinta, ku tafi da duk takardar da kuke da ita, ko da ta tsufa.