Dagaci da Aikin Raya Karkara: Misalin Kankiya da Kusada



A zamanin En'e aikin dagaci a bayyane yake. Shi ke ƙidayar masu biyan haraji, ya tara jangali, ya kai wa hakimi, hakimi ya kai Katsina. Wannan aiki a zaure ake koyonsa, ɗa yana kallon ubansa. To, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da iko hannun majalisa, dokar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da filayen karkara, sa'an nan a 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ƙasar Katsina ke cikinta har 1987. Aikin da dagaci ya gada ya tafi, wanda aka ɗora masa kuwa ba a koya masa ba.

Mu dubi Kankiya da Kusada. An fitar da Kusada daga Kankiya a 1996 domin hukuma ta matso kusa da talaka. Amma sakatariya ba ta gyara famfon ƙauye. Idan rijiyar burtsatse ta lalace, ko aji ya yaye, ko shanu suka shiga gona, ƙofar mai unguwa da dagaci ake fara zuwa.

Saboda haka horon da suke bukata iri uku ne. Na farko, shawara: yadda za a tara jama'a, har da mata da makiyaya, su zaɓi aikin da ya fi damunsu, domin gayyar da aka yi da umarni ranar buɗewa take ƙarewa. Na biyu, lissafi: littafin da za a rubuta kowane kwabo na gudummawa, a karanta shi a bainar jama'a. Zargin cin kuɗi sau ɗaya ya isa ya kashe gayyar shekara goma. Na uku, sanin hanyar ofis: wane sashe ke kula da ruwa, wane ke kula da lafiya, da yadda ake rubuta takardar neman aiki a bi sawunta.

A da, makarantar Kongo a Zariya ta horar da ma'aikatan En'e. Na ƙauye kuwa, kamata ya yi a kai musu horon gundumarsu, da rani bayan an gama girbi, da Hausa, boko ko ajami. Ku kuma ma'aikata, ku je da niyyar saurare, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.