Maganin Kyauta A Batsari Da Safana: Wa Zai Samu, Wa Zai Biya?



Tambayar da aka ɗora mani yau ita ce: shin ya kamata gwamnati ta riƙa bai wa marasa lafiya maganin da likita ya rubuta kyauta? Amsata ita ce eh. Amma ina so mu faɗi wa za a ba, wane magani, kuma daga ina kuɗin za su fito, don alkawari kaya ne.

Kowa a nan ya san yadda abin yake. Mace ta goyo yaro daga Ruma ko Wagini ko Runka, ta biya kuɗin mashin, ta yanki kati, ta ga likita. Sai a miƙo mata takarda a ce babu a sito, ta tafi kemis. A nan jinyar ke tsayawa. Wata ta sayi rabi, wata ta koma gida a jiƙa saiwa. Kuma rabin magani ɓarna biyu ce: ciwo bai tafi ba, ƙwayar cutar kuma ta saba da maganin.

Wani zai ce ai ko'ina haka ne. Ba haka ba ne, jama'a. Mu muke bakin dajin Rugu. Manominmu da ya bar gonarsa saboda 'yan bindiga, ya sayar da shanu ya biya kuɗin fansa, da me zai sayi magani? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi, darajar naira ta faɗi, magani ya bi sahu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 suka rasu sanadin tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon 2025. Waɗannan su ne ma suka samu isa asibiti.

To masu cewa kyauta ba ta ɗorewa, mu saurare su, don suna da hujja. A 1987 ƙasashen Afirka suka amince da tsarin Bamako: a zuba magani a asibiti, a sayar da sauƙi, a juya kuɗin a sake sayo wani. Dattawanmu kuma suna tuna maganin PTF lokacin da Janar Buhari ke shugabantar hukumar. Da aka rufe ta a 1999, sito ya koma wayam. Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada a 2006, zamanin Tandja: jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, tiyatar haihuwa kyauta. Mata suka cika asibitoci har nan Maraɗi. Amma gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitocin, bashi ya taru, magani ya riƙa yankewa. Darasin shi ne, in za ka ce kyauta, ka aje kuɗin tukuna.

Kuma kuɗin akwai hanyarsu a doka. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kashi 20 cikin 100 na wannan asusu kuma na magunguna ne da alluran rigakafi da kayan aiki. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusun marasa galihu. Jiharmu na da hukumar KTSCHMA. Kotun Ƙoli ma a watan Yulin 2024 ta ce a bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Yanzu haka maganin tarin fuka kyauta ne, na rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana bai wa yara da damina shi ma kyauta ne. Ashe in an so, ana iyawa.

Don haka ga abin da muke nema, guda huɗu.

Na ɗaya, a fara da masu ciki, da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da tsofaffi, da 'yan gudun hijira. Mai albashi ya bi ta inshora, mai hali ya saya.

Na biyu, a fitar da jerin magungunan: na zazzaɓi, na gudawa, na ciwon haƙarƙari, na hawan jini, na ciwon suga, da kayan haihuwa. A rubuta da Hausa, da boko da ajami, a liƙa a ƙofar kowane asibiti.

Na uku, a riƙa biyan kuɗin maganin tun kafin ya ƙare, ba sai sito ya bushe a fara rubuta takarda zuwa Katsina ba.

Na huɗu, a buga hatimin "ba na sayarwa ba ne" a kowane kwali, kwamitin mazaɓa da mai unguwa da liman su shaida saukar kaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maganin kyauta da ya ɓulla a kemis, hakkin maraya ne aka ci.

Matasa, namu aikin ga shi. Kowace mazaɓa a samu mutum biyu, namiji da mace, su riƙa leƙa asibiti duk ƙarshen wata cikin ladabi, su rubuta abin da ke akwai da wanda babu. Kada a ci mutuncin ma'aikatan lafiya, da yawansu da ransu suke zuwa aiki a kan waɗannan hanyoyi namu. Takardar za mu kai wa kansila da ciyaman da ɗan majalisa, ko na jam'iyyarmu ne ko ba namu ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a ya ce magani kyauta, ku tambaye shi: wane magani, a wane asibiti, nawa ka sa a kasafi?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa.